An Toshe wa Auta Hanyar Abinci

Ka sha ganin hoton nan, kada ka ce ba ka gani ba. Yana liƙe a bango kusa da ƙofar ɗakin haihuwa: ma'aikata sun jeru cikin fararen kaya, kowa ya washe baki, na tsakiya ya rungumi jaririn roba. Ka kalla, ka ce a ranka lallai an ci gaba, sannan ka kawar da kai ka wuce neman inda ake yankar kati. Ba ka tsaya ka tambaya ba ko a cikin masu murmushin nan akwai wanda hannunsa zai iya aiki in aka miƙo masa jariri na gaske, jiƙaƙƙe, wanda ya fito duniya bai yi kuka ba. To ga labarin ɗaya daga cikinsu, wadda ke tsugune a gaba saboda ita ce ƙarama.

Sabuwar likita ce, ba ta daɗe da barin makaranta ba aka turo ta ɗakin jarirai. Kafin ta gama sanin inda ake ajiye auduga, suna ya riga ya bi ta: Gwana. A kan Auta ta samo sunan.

Auta shi ne jaririn robar. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi kyauta don ma'aikata su riƙa koyon sa bututun numfashi. Bakinsa kullum a buɗe yake, kamar wanda aka ba shi labarin da ya fi ƙarfinsa. A ƙirjinsa akwai 'yan jakunkuna biyu a madadin huhu, ƙasa kaɗan kuma da wata a madadin ciki. Aikin da ake koya a kansa ba shi da wuyar faɗa. Maƙogwaron ɗan adam hanya biyu ce, ta gaba ta iska, ta baya ta abinci. Jaririn da ya ƙi numfashi, ana fara hura masa iska ta wata 'yar roba da ake kifa masa a hanci da baki. In hakan bai wadatar ba, sai a ɗaga harshensa da wani ƙarfe mai 'yar fitila a baki, a zura siririn bututu ta hanyar iska, a matsa jakar hurawa. In ka dace, ƙirji ya tashi. In ka faɗa hanyar abinci, ciki ne zai kumbura, jariri kuwa yana nan yadda ka same shi, sai ma abin da ya yi gaba.

Mai riƙon Auta ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, wadda kuma ƙanwar mahaifin Gwana ce. "A gida ni Gwaggonki ce, a nan Sista ce," haka ta faɗa mata ranar farko. Amma a aikace takan zama Sista in za ta ba da umarni, ta koma Gwaggo in ba ta son a musa mata. A kabad ɗinta Auta yake kwana, kan tawul mai laushi, makullin yana rataye a wuyanta. Ta saƙa masa huluna kala-kala. Akwai jarirai masu rai a ɗakin da ba su samu rabin wannan gatan ba.

Kowane mako ake fito da shi, a shimfiɗa shi a kan tebur, a kawo shayi, ma'aikata su yi layi. Gwana ba ta taɓa kuskure ba. Ta zura da ido buɗe, ta zura da ido ɗaya a rufe, wata rana ma ta zura tana amsa wayar Ummanta da kafaɗa. Ƙirjin Auta ya tashi, aka tafa. Abin da ba wanda ya tsaya ya lura da shi shi ne, ba ita kaɗai ba ce. Kaf ɗakin babu mai kuskure, ita dai ta fi su sauri ne. Har mai ba da magani, da ya shigo aron kujera aka ce ya gwada, ya riƙe ƙarfen kamar cokali, ya zura ya dace, ya fita da kujerarsa yana cewa ashe likitanci ba wani abu ba ne.

Babban likitan jarirai ɗaya ne tal a asibitin, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai da ake kira Dogo. Ya daɗe rabonsa da hutu, har ya manta yadda ɗakinsa yake da rana. Ba ya zuwa wurin gwaji. Lokacin da ake shan shayi a kan Auta, shi yana wajen masu rai. Da labarin Gwana ya kai kunnen shugaban asibitin, sai Shugaba ya kira Dogo ya ce masa ga magajiya ta samu, ya tafi hutunsa da zarar baƙin ƙungiyar agajin sun zo sun duba kyautarsu sun koma. Daga ranar da ya tafi, duk jaririn da ya fito bai yi kuka ba, Gwana za a kira, ita kaɗai.

"Ina za ka je hutun, Likita?" in ji wata ma'aikaciyar jinya.

"Kan gadona."

"Ba tafiya?"

"Akwai. In na gaji da ɓangaren dama zan koma hagu."

A gida kuma Umma ta karɓi lamarin hannu bibbiyu. Babu mai ciki a layinsu da ba ta tare ta gaya mata ta daure ta haihu ranar da 'yarta ke bakin aiki ba.

Wata safiya, ana saura 'yan kwanaki baƙi su zo, aka kira daga ɗakin haihuwa. Dogo da Gwana suka isa tare. Yaro ne, ya fito a sake kamar rigar da aka jiƙa, leɓɓansa sun yi duhu. Aka goge shi, aka hura masa ta hanci da baki, ƙirjin ya ƙi tashi yadda ake so. Dogo ya miƙa mata ƙarfe da bututu.

"Gwana, ga ɗanki."

Ta ɗaga harshen ta leƙa. Bakin Auta busasshe ne, komai a wurinsa, kamar ɗakin da aka share. Nan kuwa ruwa ne da kumfa, komai ja, komai santsi, harshen yana sulluɓewa daga kan ƙarfen. Ba ta ga ƙofar da ta saba gani ba. Amma hannunta ya saba da cewa duk inda ya zura nan ne daidai, don haka ta zura, ta matsa jaka, ta sake matsawa, ta ɗago kai ta dubi Dogo. Sai daga baya ta gane cewa yabo take jira.

Dogo ya matso. Ya zare bututun, ya mayar da robar hanci ya hura, ya karɓi ƙarfen ya sunkuya, ya zura. Ƙirjin yaron ya ɗaga. Kaɗan kaɗan duhun leɓen ya washe.

Suna wanke hannu ya ce, "Cikinsa kika cika masa. Ba ki ga ya taso ba?"

Ba ta gani ba. Ba ta ma duba ba. Tun da take gwaji ba ta taɓa ganin ciki ya tashi ba, idonta bai san ana kallon can ba.

"Ranka ya daɗe, da ba ka nan fa?"

Dogo ya daɗe yana goge hannunsa da tawul, yana kallon bango. Mutum ne mai gaskiya, amma gaskiyarsa ta gaji.

"Kowa da haka ya fara," ya ce. "Ki ƙara gwaji a kan yaron Sista."

Ta ƙara. Da rana, lokacin da Gwaggo ta fita cin abinci ta bar kabad a buɗe don Auta ya sha iska, Gwana ta ɗauko shi ta kwantar. Wannan karon da niyyar kuskure ta zo. Tana son ta ga da idonta yadda ciki yake tashi. Ta karkata bututun baya ta tura. Ya lanƙwashe, ya sulale, ya shige hanyar iska. Ta sake, haka. Ta juya fuskarta gefe ta cusa yadda mai ba da magani ya yi, ƙirjin Auta ya tashi cikin ladabi. Sai ta haska fitila can ƙasa, ta sa ɗan yatsa. Inda ya kamata ta ji rami, wani abu ta ji mai tauri, shuɗi.

Ta nannaɗe Auta a tawul ta nufi bayan asibiti, wajen mai gyara. Ɗakinsa cike yake da kekunan marasa lafiya da ba ƙafa, da fankokin da suka daina juyawa, da wani firiji da ya mayar kabad ɗin ajiye ƙusoshi.

"Baba, mene ne wannan a maƙogwaron yaron nan?"

Mai gyara ya gyara tabarau ya leƙa, fuskarsa ta cika da farin ciki irin na wanda aka gano aikinsa bayan an daɗe ba a yaba ba.

"Aikina ne, Likita. Murfin biro ne da gam. Kin ga har yau ko motsi bai yi ba."

"Wa ya sa ka?"

"Sista mana. Farkon zuwansa, masu koyo sai su yi ta hura masa iska a ciki, jakar ta yi ta fashewa, ni kuma in yi ta faci kamar tayar keke. Ga shi wata rana an yi baƙi, rabin ma'aikata suka kuskure, Shugaba ya fita ransa a ɓace. Sai Sista ta ce ko akwai dabara. Na duba na ce, to wai shi yaron roba me zai ci da har yake buƙatar hanyar abinci? Hanya ce da ba ta da aiki. Na rufe ta. Tun daga ranar ban sake faci ba, kowa kuma ya iya."

Ya miƙo mata Auta da hannu biyu. "In kina da wani mai irin matsalar, ki kawo."

Ta tarar da Gwaggo tsaye gaban kabad, hannu a ƙugu.

"Ina kika kai mini yaro ba hula?"

"Sista, an toshe masa hanyar abinci."

"Na sani. Ni na sa. Kawo shi nan."

"To ai duk gwajin da muke yi na banza ne. Ko akuya aka ba ƙarfen nan za ta dace."

"Ke, iya bakinki. Kin san yadda ake kafin a gyara shi? Yara su shigo da kuzarinsu, su fita suna share hawaye, wasu su ce sun fasa aikin jarirai. Yanzu dubi kowa, ƙwarin gwiwa har ya yi yawa."

"Shi na hura wa ɗan mutane a ciki ɗazu da safe, Gwaggo. Ƙwarin gwiwa."

Gwaggo ta karɓi Auta. Ba muguwa ba ce. Ta kwana a tsaye kan jarirai fiye da yadda Gwana ta kwana a kan gado. Amma ta daɗe a gidan da ake auna aiki da fuskar baƙo, har ta daina jin bambanci. Ta sa wa Auta hula, ta daidaita ta.

"Za a duba. Bayan baƙi."

A asibitin nan komai bayan baƙi ne. Famfon da ke zuba, bayan baƙi. Ƙofar da ba ta rufuwa, bayan baƙi. In baƙin suka tafi kuma sai a fara shirin wasu.

"Bayan baƙi ai Dogo ya tafi. Ni za a bari."

"To ba ke ce Gwana ba? Kada ki kunyata mu, 'yar nan. Ni na goya ubanki, ko da yake shi ne babba." Ta kulle kabad.

Gwana ta tare Dogo a baranda, ta fara ba shi labarin murfin biro. Ya ɗaga mata hannu.

"Ban ji ba. Kunnena ya riga ni tafiya hutu."

Ya yi gaba da dogayen ƙafafunsa, amma ta ga bai shiga ofis ba. Ya tsaya can ƙarshen baranda yana kallon motocin da ke ajiye, ya daɗe.

Ranar baƙi aka wanke ƙasa har tana ɗaukar ido, aka kora 'yan jinya bayan gini, aka kwaso tukwanen furanni daga ofishin Shugaba aka jera a hanya. Gwaggo ta ɗinka wa Auta sabuwar riga mai maɓallai, kuma da yake aiki ya yi mata yawa, sai ta miƙa wa Gwana makulli ta ce ta shirya shi.

Gwana ta rufe ƙofa. Ta ɗauko ɗan hantsaki irin na cire zare, ta kama murfin biron ta murɗa. Mai gyara bai yi ƙarya ba, aikinsa ya kamu. Sai da ta danne kan Auta da gwiwa kafin ya fito, da wata 'yar ƙara kamar an buɗe kwalba. Ta jefa shi a aljihu, ta sa wa Auta riga ta ɓalle maɓallai.

Shirinta mai sauƙi ne. Ita aka ce za ta nuna wa baƙi. Za ta yi iya yinta tsakani da Allah, in ta kuskure kowa ya gani, ta yadda ba wanda zai iya barin ta ita kaɗai da 'ya'yan mutane. Ta san za ta sha kunya. Ta kwana tana auna kunyar da kuma leɓen yaron nan, ta ga ba su kama hanyar zama ɗaya ba.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne mai ɗaukar hoto.

Baƙi suka shigo, shugabarsu wata mata ce mai tabarau da murya ƙasa ƙasa. Shugaba yana gaba yana bayani. Shi ma likita ne a da, amma ya daɗe yana jinyar tarurruka. Ya faɗi yadda kyautar ta canja asibitin, ya faɗi cewa tun da aka kammala horo babu ma'aikaci ɗaya da ya taɓa kuskure a kan jaririn. Ya juyo zai kira Gwana, sai ya ga mai hoto ya ɗaga kyamara. Nan take ya naɗe hannun riga.

"Bari ma in nuna muku da kaina. A nan, tun daga sama ake koyi."

Gwana ta buɗe baki. Gwaggo ta taka mata ƙafa.

Shugaba ya cusa ƙarfen, ya zura bututu ba tare da ya sunkuya ba, saboda sunkuyo ba ya kyau a hoto. Ya kama jaka ya fara matsawa, idonsa a kan baƙi, yana bayanin muhimmancin ƙwarewa. Ƙirjin Auta bai motsa ba. Cikinsa ne ya fara tasowa a hankali, kamar wanda ya daɗe yana jiran a ba shi abinci. Rigar ta ɗame. Shugaba yana magana yana matsawa. Gwaggo ta dafe ƙirji. Maɓalli na farko ya tsinke ya daki tiren shayi, na biyu ya wuce ta gefen kunnen mai hoto.

"Gafara dai," in ji matar mai tabarau. "Haka ake so ya yi?"

Shugaba ya sauke ido. Auta ya zama kamar ƙwallo mai hula. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfon da za a gyara bayan baƙi. Amma ba a banza mutum ke zama shugaba ba. Ya yi gyaran murya.

"Madalla da kika lura. Wannan shi ne misalin yadda ba a yi. Da gangan muke fara nunawa. Yanzu ƙwararriyarmu za ta nuna yadda ake yi. Gwana."

Ta matse cikin Auta iskar ta fita da wani sauti da ya sa ɗaya daga cikin baƙin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ta sunkuya, ta leƙa, ta zura a hankali, ta matsa. Ciki ya taso.

"Na kuskure," ta ce da ƙarfi yadda na baya zai ji. "Yana hanyar abinci."

Ta zare, ta sake. Sai a karo na gaba ƙirjin ya tashi. Ba wanda ya tafa, don ba a san ko lokacin tafi ba ne.

Ta miƙe, ta sa hannu a aljihu ta fito da murfin biron ta ajiye kusa da kofin shayin Shugaba.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ƙwararren ɗakin nan. A maƙogwaron Auta yake zaune, shi yake dacewa a madadinmu. Ni ban iya ba tukuna. Kwanan nan na gwada a kan yaro mai rai na cika masa ciki, da Likita ba ya tsaye da yanzu wani labarin ake. In aka bar ni ni kaɗai gobe, zan sake."

Kowa ya juya ya dubi Dogo, wanda ke jingine da ƙofa, jakarsa ta tafiya gida a rataye a kafaɗa tun safe. Ya dubi murfin biron, ya dubi Gwana. Sannan a hankali ya sauke jakar ya ajiye ƙasa.

"Gadon dai ba gudu zai yi ba," ya ce, ba da kowa ba.

Kafin baƙi su kai mota, Shugaba ya riga ya sa wa abin suna: sabon tsarin koyo ta hanyar kuskure, wanda ya ce ya daɗe yana nazari a kansa. Aka ɗage hutun Dogo. Gwaggo ta tsince maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, da yamma kuma ta je har gida ta kai ƙara wajen yayanta, cewa 'yarsa ta tsinka ta a gaban mutane. Baban Gwana ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko yaron robar ya ji ciwo. Gwaggo ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama. Umma kuwa ta sake bin gidajen layi, wannan karon tana ce wa masu ciki su haihu duk ranar da ta zo musu.

A ɗakin jarirai suna ya canja. Aka daina Gwana, aka koma Mai Kumburi.

Gwaji ma ya canja, don Dogo ya karɓe shi, kuma ya karɓe shi da haushin mutumin da aka raba da barcinsa. Ya hana shayi. Yakan cika bakin Auta da kumfar sabulu, ya girgiza tebur, ya tsaya a kunnen mai gwaji yana cewa bugun zuciya na sauka, me kake jira. Mutane suka yi ta kuskure. Jakar ciki ta koma fashewa, mai gyara ya koma faci, yana gunaguni cewa an ɓata aiki mai kyau. Gwaggo ba ta yi wa Gwana magana sai ta aiki, amma ranar da ta ga layi ya ragu ta zo ta karɓi ƙarfen, ta kumbura wa ɗanta ciki da hannunta, ta tsaya tana kallo.

"Ashe haka yake yi," ta ce. Ta zare ta sake.

Shi Dogo bai yarda roba ta isa ba. "Wannan hannu kawai yake koya miki," ya ce wa Gwana. "Ba ya motsi, ba ya mutuwa, uwarsa ba ta kallon ki." Don haka duk kiran da aka yi daga ɗakin haihuwa, ita ce a gaba, shi yana bayanta.

Kira ya zo wata rana da hantsi. Yarinya ce, bakwaini, kanta bai fi lemo ba. Aka hura ta hanci da baki, bai wadatar ba. Gwana ta ɗaga harshe, ta ce a zuƙe ruwan, aka zuƙe. Ta zura, ta matsa jaka, idonta a kan jikin yarinyar. Ciki ya ɗan motsa, ƙirji shiru.

"Ba nan ba ne," ta ce, kafin Dogo ya buɗe baki. Ta zare, ta mayar da robar hanci ta hura har yarinyar ta ɗan farfaɗo. Ta gyara kwanciyar kan, ta sake leƙawa, sai ga 'yar ƙofar can sama, ƙarama fiye da yadda roba ta taɓa nuna mata. Ta zura. Ƙirjin ya ɗaga, dama da hagu. Ta sa abin sauraro ta ji iska tana shiga, ta ji bugun zuciya yana hawa.

Da ta waiwaya, hannayen Dogo duka biyu suna cikin aljihu, ya dunƙule su har aljihun ya yi tudu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Gwaggo ce ta liƙe bututun da filasta, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Riƙe nan, 'yar nan." Rabon da ta kira ta haka tun ranar maɓallai.

Wajen wanke hannu Dogo ya ce, "Kamar na hango gadona."

"Ba yanzu ba, ranka ya daɗe. Sai na yi wasu kana tsaye."

"Nawa?"

"Ni zan gaya maka."

Ya yi tsaki, amma bai musa ba.

Kai kuma, kafin matarka ko ƙanwarka ko 'yarka ta shiga watan haihuwa, tashi ka je asibitin da za ta haihu. Tambaye su wa ake kira in jariri ya fito bai yi kuka ba, wa ke tsaye a bayansa, kuma yaushe rabon da ya kuskure a wurin gwaji. In suka ce maka su ba sa kuskure, kada ka yi godiya ka koma gida. Nemi ofishin shugaba, ka ja kujera ka zauna a ƙofarsa, kada ka tashi sai ya ba ka amsa.